Ranar da Aka Binne Fartanyar Yayana

Ranar Juma'ar ƙarshe ta zangon karatu, a watan Disambar shekarar da aka gama yaƙin basasa, ina tsaye a bakin gonar makaranta da zanen gado ɗaure a ƙirji, fuskata buɗu-buɗu da toka, ina rusa kukan ƙarya. Ni ne matar mamaci. Mamacin kuwa fartanyar yayana Dauda ce, an naɗe ta cikin rigarsa ta makaranta, an cusa ciyawa har ta yi tsawon mutum, an ɗora a kan wani tsohon ƙyaure da aka mayar makara. Yara na biye suna dukan bokitai da garewani, malamai na zaune a inuwar mangwaro suna dariya har da riƙe ciki. Ina aji uku a lokacin, kuma tun daga safiyar nan ban ƙara yin dariyar da ta kai cikina ba.

Makarantar tamu 'yar ƙarama ce, ta kwana, can bayan gari a gefen rafin da muke kira mayo, ajujuwa 'yan kaɗan da rufin kwano mai yoyo. Duk wanda aka ɗauka sai ya zo da akwati, da tabarma, da kwano, da fartanya, domin abin da muka noma shi muke ci. Da asuba a buga tsohon wilin mota da ke rataye a reshen tsamiya, mu gangara mayo da garewani, in rani ne mu tone rairayi mu jira ruwa ya tsattsafo. Bayan darasi a kora mu gona, dawa a sama, gyaɗa a gangare, malamin gona na bin mu da tsumagiya yana cewa, "Turanci ba ya cika rumbu." Da yamma mu yi ƙwallon tsumma da langa har a kira mu tuwo da miyar kuka wadda ruwa ya fi kukar yawa. Mun sha wuya, ba na musu. Amma ni ina son wurin. A can na fara kwana a kan gado, a can na gane cewa kaina yana ja, don a lissafi ba wanda ya taɓa wuce ni a ajinmu, har da 'ya'yan ma'aikatan cikin Mubi masu takalma.

Jana'izar fartanya al'adar 'yan ajin ƙarshe ce, mun tarar ana yi. In sun gama jarrabawa sai su zaɓi fartanyar mutum ɗaya ta tsaya a madadin ta kowa, a yi mata makoki, a zaga da ita ɗakunan kwana da kicin, a binne ta a tsakiyar gona. Wani ya sa tabarau na kara ya yi wa'azi, ya lissafa zunubanta: ta karya baya, ta fasa tafin hannu, ta hana samari budurwa. Jama'a su amsa da ƙarfi, "Allah ya raba mu da sunkuyo!" Daga nan masu fita su raba gado, wannan ya bar wa ƙaninsa cokali, wancan ya bar wa mai kuka tsohon bargo, mai dafa abinci a ba shi sarautar sarkin ƙwarin wake. Washegari wanda ya yi matar mamaci ya je ya tono fartanyar, ta zama tasa. Wasa ke nan, ba wanda ya taɓa rasa ko ƙota. A shekarar tamu ne wasu suka ce dukan bokitin ba ya da daɗi, sai wani yaro ɗan dutsenmu ya koya musu ainihin kiɗan da ake yi a ƙauyukanmu na wajen Gella in saurayi ya mutu. Suka iya shi kuwa, tsaf.

Ba wanda ya san Baba zai zo. Bai taɓa taka makarantar ba, mu muke komawa gida da ƙafa in an yi hutu. Amma Dauda shi ne na farko a duk zuriyarmu da ya kai ƙarshen sakandare, sai tsoho ya sa rigarsa ɗaya tilo ta zuwa biki, ya ɗauko zakara da ƙunshin sabuwar gyaɗa zai kawo wa shugaban makaranta godiya. Yana tsakiyar mayo ya ji kiɗan. Mutumin da ke da 'ya'ya biyu a wuri, ya ji ana kiɗan mutuwar saurayi, me kuke so ya yi? Ya zubar da gyaɗar, zakara ya tsere, ya hauro da gudu ba hula. Abin da ya fara gani ni ne, toka a fuska, ina birgima ina kiran sunan Dauda. Sannan ya ga makara da rigar da shi ya sayar da akuya ya ɗinka. Ya yanke jiki ya faɗi a kan kunyar gona, ya kama ƙasa da hannu biyu, ya saki wani irin kuka da yarenmu wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Yaran suka ɗauka cikin wasan ne. Suka zaci wani lebura aka yi wa ado, suka kwashe da shewa, masu garewani suka ƙara wuta, har wani ya ce, "Kai, wannan tsoho ya fi matar iyawa!" Sai da Dauda ya fito daga cikin masu ɗaukar makara ya durƙusa yana cewa, "Baba, ga ni, wasa ne, Baba ni ne," sannan kiɗa da shewa suka tsaya. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya je ya warware abin da ke kan ƙyauren, ya zaro fartanyar daga cikin ciyawa. Shugaban makaranta ya taso yana ba da haƙuri, Baba ya amsa masa da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Malam, na gani karatu. Ya isa." Ni kuma ya ce mini da yarenmu in je in wanke fuska in ɗauko akwatina.

Muka kama hanya har muka fara hawan dutse. Nan ya tsaya, bai ko juyo ba, ya ce ya ba makaranta ɗa ɗaya ta koya masa yi wa ubansa dariya, ba zai ba ta na biyu ba. Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Da aka koma karatu na ɗaure akwati, Baba ya kwance. Mahaifiyata ta roƙa, kawuna ya roƙa, malamin lissafi ya tako har gida a kan keke ya ce yaron nan asara ne a bar shi, Baba ya ba shi ruwa ya raka shi bakin hanya. Dauda kuwa ba abin da za a ƙwace masa, ya riga ya gama. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu tsuntsun ya tashi ya tafi Yola ya zama akawu, ruwan ya sauka a kaina. Har Baba ya rasu bai ƙara ambaton ranar ba, Dauda ma haka. In ya zo Kirsimeti ya kan dafa kafaɗata ya ce ai noma tushen arziki. Mai hannu kamar na jariri ne ke gaya mini haka.

Na yi noma har bayana ya ƙi, yanzu ina aikin auna hatsi a kasuwar Mubi, masu digiri na tsaye suna latsa na'ura ni na riga na faɗi amsar a raina, ba wanda ya tambaye ni. Kwanakin baya na bi ta gefen makarantar. An yanka gonar an yi gidaje, yara na zuwa da safe su koma da rana, ba mai riƙe da fartanya. Masu fita na rubuce-rubuce a rigunan juna da biro, suna watsa wa juna ruwa, suna ihu. Ban ji haushinsu ba. Na jingina da katanga ina kallo, ina neman wanda ya fi kowa dariya a cikinsu, da na gan shi sai na ji tsoro ya kama ni saboda shi, na kama hanyata. Shekara biyu kacal suka rage mini, kuma su ne har yau ban gama ba.