Kunyar Ɗan Fari a Filin Ƙwallo

Mahaifina ne kocin ƙwallo na kwalejin da na yi a Kankia, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa a bakin layi ba zai manta da shi ba. A aji malamin tarihi ne mai sanyin murya, sai 'yan baya sun miƙa wuya kafin su ji abin da yake cewa. Amma da alƙalin wasa ya busa usur, sai ka rantse an sauya mutum. Ya yi tsalle, ya dafe kai, ya tattare kaftani ya bi layi da gudu. Idan yaro ya ci ƙwallo, sai ya ɗaga shi sama. Idan ya zubar da dama, har bakin titi za a ji sunansa. Shugaban makaranta ya sha ja masa kunne, wai malami da girmansa bai dace ya riƙa rawar kai a gaban ɗalibai ba. Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe." Mako na zagayowa ya koma gidan jiya.

Ni ban taɓa ganin laifin ihunsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ni da rabo a cikinsa.

Ni ne ɗansa na fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a wajenmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Kunya ce ta gado, ba wanda yake tambayar dalili. A gida ban damu ba, da haka na buɗi ido: ƙannena da sunayensu, ni kuwa "kai". A fili ne abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Mu goma sha ɗaya ne, goma kowa da sunansa a bakin koci, ni ɗan baya sai "lamba biyar". Ko faɗan ma rowarsa ake yi mini. In na yi kuskure, sai ya kira gola ya ce, "Gaya wa na gabanka ya buɗe ido."

Sai na ƙudurta a raina cewa kafin in bar kwalejin nan sai na ji sunana a bakinsa, ko da yabo ko da zagi. Ina idar da sallar asuba nake kama hanyar Tafashiya da gudu, in dawo kafin a kaɗa ƙararrawa. Na koyi tare ƙwallo da ka a jikin katangar gidanmu har Inna ta ce zan rushe mata ɗaki. Wata rana na cire ƙwallo daga bakin raga bayan ta riga ta wuce gola. Fili ya ɗauki sowa. Na waiwaya bakin layi, na ga Baba ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Malamin lissafinmu, mutumin kudu ne da yake taimaka masa da ruwa da magani, ya kasa haƙuri. Ya ce da Hausarsa, "Malam, wannan ba yaronka ba ne?"

Baba ya ce, "Yaron makaranta ne."

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Ba a kai ƙarar uba wurin uba, don haka ranar Asabar na hau keke zuwa Rimaye wurin kakata, wadda ta haife shi. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Angona, mi ya haɗe maka fuska haka? Ko kuɗin cefanena ne suka gagara?"

Na zayyana mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ubanka ɗan farina ne. Yau ga shi da furfura, ka taɓa jin sunanshi a bakina? Halan an ce maka ba ni son shi?"

Na ce, "Kaka, ke ba koci ba ce."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa, ta ce ja'iri. Na dawo ban sauka daga kan bakana ba. Ko ta yi masa magana bayan nan, har yau ban sani ba.

Wasanmu na ƙarshe a shekarar a Kusada aka yi, kuma wanda ya ci shi zai wuce zagaye na gaba a Katsina. An gama girbi, mutane sun samu sarari, har daga Dudunni aka zo a kan babura. Kocin Kusada dattijo ne, ya zauna a benci da carbi a hannu, ko gezau. Shugaban makarantarmu ya nuna wa Baba shi da baki, wato ga yadda manya suke yi. Baba bai ko kalla ba, ya riga ya fara kiran sunaye.

Har wasa ya kusa tashi ba wanda ya ci. Sai aka doko wata doguwar ƙwallo ɓangarenmu. Na tare ta da ƙirji, na sauke, na ɗaga kai ina neman wanda zan ba. Ban san ɗan gabansu ya taho ta bayana ba. Jama'a suna ta ihu, ban ware komai a ciki ba. Can sai na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, sau biyu, da muryar da na fi sani a duniya.

Abin da ake so in yi shi ne in doka ƙwallon waje. Ni kuwa sai na tsaya cak, na juya ina kallon bakin layi. Yaron ya zare ƙwallo daga ƙafata kamar an miƙa masa, ya yanke gola, ya zuba a raga. Ba mu rama ba har aka busa tashi.

Ba wanda ya yi mini magana a cikin 'yan wasanmu, kuma ban ga laifinsu ba, shekara guda suka yi suna zufa don wannan rana. Ina jin kunyarsu har cikin ƙashina. Amma ba zan yi ƙarya ba, a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da na kasa dannewa.

Yara suna shiga mota, Baba ya tsaya yana cusa riguna a buhu. Na je na riƙe masa bakin buhun. Muryarsa ta dushe. Bai dube ni ba ya ce, "Kai, in aka kira mutum a fili, tsayawa yake yi?"

Na ce, "Baba, ban taɓa ji ba ne."

Ya ɗaure buhun, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Sannan ya ɗora mini shi a kafaɗa, ya ce, "To, sai ka saba."