Baturiyar da Take Mutuwa Kullum Bayan La'asar

Edita, ina gaisuwa. Da hannuna na rubuta wannan, kuma sai da na yi jika sannan na san baƙi, saboda haka in kin ga gargada ki gyara, amma kar ki taɓa mini maganata. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce, na baro Damagaram na zo Riyad aikatau, ina zaune a unguwar Gubaira cikin 'yan uwa mata. Ban iya karatu ba, ban iya shiru ba. Gidaje da dama na bari saboda bakina, har wata nas 'yar Kano da ke Al-Shifa, wadda nake kira Anti, ta ji tausayina ta samo mini aiki wurin wani injiniya Bature, a irin unguwar nan tasu mai katanga da mai gadi. Shi ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, iƙamata, takardar zamana a ƙasar, tana wuyansa. Aikin kuwa kula da uwarsa ne, wadda ya ɗauko daga Ingila bayan rasuwar mijinta.

Tsohuwa ce siririya mai ciwon suga, kullum da jan baki da hular gashi mai ruwan zuma. Kowa dalin ne a wurinta, wato masoyi da Turancinsu, ni dalin, mai gadi dalin, mage ma dalin. Da guntun Larabci da nuni muke magana, abin da ya gagara Anti ta fassara ta waya. Babu wanda ya gaya mini sana'arta. Ran nan bayan la'asar na ɗauko mata shayi, sai na ji murya biyu a falo, ta namiji da ta mace, alhali ita kaɗai na bari. Na leƙa na ga tana yi wa labule faɗa, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai ta zaro wata 'yar kwalba ta kafa kai, ta dafe ƙirji, ta yi tangal-tangal, ta zube a kafet. Na saki tire na kwarma salati. A garinmu wanda ya sha guba nono ake ɗura masa, don haka na fizgo robar laban, nonon Larabawa, daga firji, na hau ruwan cikinta, na toshe mata hanci na fara ɗura. Wallahi matar nan ba ta motsa ba sai da ta shanye kusan rabi. Ihuna ya tara mai gadi, da Bangalin da ke ban ruwan fulawa, da matan maƙwabta da karnukansu. Sannan gawa ta tashi zaune, ta fara gyara hular gashinta tukuna, ta dube mu, ta tuntsire da dariya.

Anti ce ta yi mini bayani tana dariya har da tari. Ashe 'yar wasan kwaikwayo ce, ta kan dandamali. Tun tana budurwa take yi a wani ƙaramin gari na bakin teku, daga nan aka ɗauke ta talabijin tana gabatar da shirin safe, duk ƙasar ba a karyawa sai da fuskarta. Da fuskar ta fara yamushewa suka sallame ta da furanni da kek, suka sa yarinya, ita kuma ta koma dandamali ta yi sarauniya, ta yi mayya, ta yi mai wankau. Yanzu Turawan unguwar ne suka roƙe ta ta yi musu wasa a zauren taronsu, shi ne take bita. Ta ce a gaya mini a duk rayuwarta ba a taɓa yaba mata kamar yadda na yaba mata da laban ba. Ɗanta kam bai yi dariya ba. Ya ce na tara masa jama'a na kunyata shi, in na ƙara ko sau ɗaya huruj zai buga mini, in koma inda na fito. Kafin Juma'a labari ya gama Gubaira, mata suka sa mini suna mai tada gawa, in na shigo sai wata ta zube a tabarma tana cewa a kawo laban. Na rantse a raina ko rufin gidan ne ya faɗo wa tsohuwar nan ba zan ƙara buɗe baki ba.

Daga nan na zama 'yar kallonta. Kullum bayan la'asar ta mutu, ni kuma in zauna a kujera da dabinona in tafa. Ta nuna mini tsofaffin shirye-shiryenta, na gan ta da ƙuruciya tana hira da masu kuɗi da masu kiwon kaji, har wani biri ya taɓa fizge mata makirfo. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Amma bakina bai bar ni ba. Na sa Anti ta gaya mata mutuwarta ba ta yi ba. Ni na zauna a kan majinyata, na yi wankan gawa, ban taɓa ganin wanda ya ja siket ya rufe gwiwa ya jera ƙafafu sannan ya cika ba. Na ɗauka za ta ji haushi, sai ga ta ta riƙe hannuna tana cewa in koya mata. Na koya mata kuwa: yadda ake sakin baki, yadda ƙafa ɗaya ke lanƙwashewa, yadda ido ke tsayawa rabi. Abu ɗaya ta ƙi. Na ce ta bar hular gashin ta faɗi, ta ce ko mijinta bai taɓa ganin kanta a buɗe ba, ba za a fara daga Riyad ba. Duk munin faɗuwar, hannu ɗaya yana nan a kai yana tsaron kaya.

Ana saura kwanaki kaɗan wasa, na fito daga kicin na gan ta tsaye da rigar sarauniya, tana gumi, tana wata magana a hargitse. Ta yi taku biyu ta faɗi, irin faɗuwar da ban taɓa gani ba, har da buge gefen kujera. Edita, kin san abin da na yi? Tafi na yi. Na ja kujera na zauna ina cewa mumtaz, wato madalla, ina gaya mata da Hausa yau dai ɗalibata ta fitar da ni kunya, wannan ita ce mutuwa ta mutunci. Na ci dabino na tofar da ƙwallo. Na ƙara ci. Sai da na sunkuya zan ɗauki ƙwallon da ya faɗi, na hango hular gashin a ƙarƙashin tebur. Na ɗago na ga kanta, 'yar furfura tsilli-tsilli, ga hannunta yashe can gefe, bai bi kayansa ba.

Nan na gane wannan ba wasa ba ne. Amma don ki san sharrin kunya, ko a lokacin sai da na tsaya ina lissafi: in na yi ihu ta tashi tana dariya, ga huruj, ga matan Gubaira. Na kira ta dalin, shiru. Na mintsine ta, jikin sanyi ƙalau. Sai na ce a kai ni Damagaram a buhu in an ga dama, na kurma ihun da ya fi na farko. Mai gadi ya leƙo ya yi murmushi ya ce halas, wato ya isa haka, ya koma. Bangali ko waiwaye bai yi ba. Lambar motar asibiti ban iya bugawa ba, sai hoton Anti na danna. Ta tambaye ni ko tsohuwar ta ci abincin rana, na ce ta ƙi ci don rigar ta shige ta, amma allurar sugarta ta yi. Anti ta zage ni tas, ta ce kar in kuskura in ɗura mata komai, in juya ta kan gefe in shafa mata zuma a dasashi, ita za ta kira mota. Na yi. Na cakumo mai gadi ta kwala na jawo shi har falo. Kafin mazan asibiti su shigo na cire ɗankwalina na ɗaure mata kai, na yafa tawul a nawa.

Allah ya yi da sauran kwananta. Da ta farfaɗo a asibiti, kai ta fara shafawa, ta ji ɗankwali, ta daɗe tana kallona. Sannan ta tambaya yaya faɗuwar ta yi. Na ce wa Anti ta gaya mata gaskiya, na tafa har na ci dabino. Ta yi dariya har nas ta zo ta tsawatar, ni kuwa ina gefe ina kuka. Ɗanta bai ƙara ambaton huruj ba. An yi wasan daga baya, aka ba ni kujerar gaba, kuma mun yi yarjejeniya: in ta mutu a wasa za ta riƙa motsa mini ƙaramin yatsan ƙafa. Kowa na share hawaye, ni ƙafa nake kallo.

Ta koma ƙasarsu, na ji daga baya ta rasu, ta gaskiyar, ɗankwalina kuma ba ta taɓa dawo mini da shi ba. Waccan ranar ce ta kai ni makarantar manya, don na ga rai yana fita ga waya a hannuna kamar dutse. 'Yan uwana masu jinyar tsofaffi a gidajen mutane, ku nemi ilmi, ku san ciwon wanda kuke riƙo. In mutum ya faɗi ku taɓa shi, ko da ya saba yaudararku. Dariyar da aka yi mini ta laban ban mutu ba, har yau ana yi ina tayawa. Amma dabinon nan da na ci, har yanzu yana nan tsaye a maƙogwarona.