Bille a Kumatun Hagu

Tun kafin 'yata ta fara zuwa makarantar 'yan Katolika nake cikin fargaba. Tsorona shi ne wata rana ta dawo ta taɓa goshi da ƙirji kafin ta ci abinci, kamar yadda na ga suna yi. Maigidana ne ya zaɓi makarantar, ya ce ajinsu ba cunkoso kuma akwai tarbiyya. Wata Anti 'yar Gana da muke maƙwabtaka a unguwar Glenwood ta ce da ni, "Ke dai kin cika tsoro. Nawa uku can suka yi, ga su nan suna sallarsu." Ni ban yi nisa a boko ba, ban san abin da zan tambaya ba, sai na riƙa bincika jakarta kullum ina neman gicciye. Ban taɓa samu ba.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Mamana nake ce mata. Mahaifiyar tawa ta rasu ina da cikinta, ina nan Greensboro a Amurka, ban samu zuwa ba. Har ta bar duniya ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikina, da mai hoto ya juyo sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Shekara takwas ke nan, idan na rufe ido muryarta na nan, amma fuskar ta fara gudu.

Da Mamana ta shiga aji uku sai ta fara dawowa da launi a farce. Ta ce malamar zane na koya musu irin zanen mutanen coci na da, a jikin katako, ana kwaɓa garin launi da kwanduwar ƙwai. Wai da duhu ake fara fuska, sannan a yi ta ɗora haske kaɗan-kaɗan har mutum ya fito. Na ce, "Fuskar wa?" Ta amsa da Turanci, yadda ta saba, wai mahaifiyar Annabi Isa. Ban gaya wa babanta ba.

Ranar da aka kira iyaye su ga aikin yara na hau bas na je ni kaɗai. An jera allunan a bangon wani dogon baranda, fuska ɗaya ce kusan sau ashirin, kai a sunkuye, da'irar ruwan zinare a baya. Ban nemi na Mamana ba, shi ya same ni. Fuskar baƙa ce, mayafin shuɗi, kuma daga gefen hanci zuwa kumatun hagu akwai layi ɗaya siriri. Bille. Nan ne daidai inda na mahaifiyata yake.

Malamar, wata dattijuwa mai ƙaramin jiki, ta zo tana murmushi. Abin da na iya tsinta a maganarta shi ne ta ɗauka layin kuskure ne, ta so gogewa, yarinyar ta yi kuka ta hana. Ta ce ya fi duka kyau, za su kai shi ɗakin addu'arsu.

A hanya na ce, "Mamana, wa ya nuna miki wannan layin?"

Ta ce, "Ke mana. Kullum in kina shafa min mai, nan kike ja da yatsa. Gefe ɗaya kawai."

Wallahi ban san ina yi ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Matar da ta ƙi mai hoto duk rayuwarta, ga ta za a rataye, a kunna mata kyandir, yara su durƙusa a gabanta. Na faɗa wa maigidana. Ya yi salati, ya ce, "Ki je ki karɓo, amma kada ya shigo min gida. Kin san hukuncin hoto. A kankare fuskar, katakon ya yi wani amfani."

Na je na karɓo. Malamar ba ta yi musu ba, har ta naɗe min a takarda. Na zauna a bayan gida da wuƙa a hannu, allon a cinyata, har aka kira la'asar a waya. Ban iya ba. Ba ni da wata fuskar tata sai wannan.

Yanzu yana cikin but ɗin motar da na fara koyon tuƙi da ita, a kife, naɗe cikin tsohon zani. Bai shiga gida ba, ban kuma kankare ba. Idan na je sayayya nakan tsaya a ƙarshen wurin ajiye motoci, in buɗe, in duba, in rufe da sauri. Wani lokaci gani nake tana kallona kamar yadda ta kalli mai hoton nan.

Ku da kuka karanta wannan, don Allah ku roƙa mata gafara a sallarku. Ku ce ba da yardarta aka yi ba, kuma ni ce na ƙi gogewa.