Gudun Da Na Yi Don A Zage Ni

Shekarun baya, lokacin da ko masallacin unguwa ba na zuwa sai a kan moto, wato babur, na shiga tseren gudu na kilomita ashirin da ɗaya. 'Yan lakwal, wato 'yan boko, suna ce masa sami-maraton. Har yau a nan Zango wasu na cewa likita ne ya sa ni, wasu na cewa taɓin hankali ne irin na tsufa. Duk ba haka ba ne. Zagi nake nema.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, tela ne. Tun muna yara ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Shi ya ce mini "bawana", ni in ce masa "ɓarawon ƙyalle". Ranar aurena ya gaya wa dangin amarya su yi haƙuri, ba a samu mutum ba sai ni. Haka muka tsufa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce bakinsa zai warware, ƙafar ma za ta dawo, amma sai ya riƙa takawa kullum, in ya zauna za ta sandare. Shi kuwa ya zauna. Matarsa ta fito da shi ƙofar gida bayan asuba, ta mayar da shi in rana ta yi zafi. Ba ya hira da kowa, sandar da aka sayo masa ko kallonta ba ya yi.

Na je dubiya, na tarar da mutane suna ta "sannu, sannu" da ƙaramar murya. Na ce, "Ɓarawon ƙyalle, ashe alhakin yadin mutane ne ya kama ka?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Na gode da zuwa, ɗan'uwa."

 Mutumin da bai taɓa yi mini godiya ba tun da aka haife mu! Na fita waje, na zauna a kan moto, na kasa tayar da ita. Matarsa ta biyo ni tana share hawaye, ta ce, "Yaya, ka ji ko? In ya daina zaginka, to ya sallama ke nan."

Na gwada komai. Na sa rigar da ya taɓa ɗinka mini a karkace, na je na zauna gabansa. Ya kau da kai. Na cinye masa bengan da aka kawo masa, wato shinkafa da wake har da mai. Ya ce Allah Ya amfana.

A lokacin ɗiyata, wadda ke aiki a wani biro, wato ofis, tana shirin wannan tsere da abokan aikinta. Wata safiya na gan ta tana ɗaure igiyar takalmi, sai tunani ya faɗo mini: babu abin da ya kai tsoho mai tumbi yana gudu ban dariya. Na ce ta rubuta sunana. Ta ce, "Baba, tu es sérieux? Kai da kake hawa moto ka sayo goro a bakin layi?" Na ce da gaske nake. Ta ja ni wurin likita tukuna, ya auna ni, ya ce in fara a hankali.

Gajeren wando dai na ƙi. Dattijo ba ya nuna gwiwa. Na sa wandon kaftani, na aro takalmin surukina, na danna hula. Hanyata kuwa na tsara ta dole sai ta bi ta ƙofar taubashina.

Ranar farko, ina fara gudu mata suka kwashe yaransu zuwa cikin gida. Samari suka biyo ni suna kirana Yaaba, wato kaka, suna tambaya, "Yaaba, ina ɓarawon ya bi?" Ga kuma gaisuwa. A unguwarmu ba ka wuce dattijo a guje, sai ka tsaya ka tambayi gida, ka tambayi gajiya, ka tambayi mai jiki. Kafin in kai gudron, wato titin kwalta, na gaisa da rabin Zango, kuma gaskiya na ji daɗin hakan, don numfashina ya riga ya ƙare tun a lungu na biyu. Da na iso ƙofar taubashina na ƙara ɗaga ƙafa, tumbi na rawa. Ya bi ni da ido kawai.

Haka na yi ta yi. Gwiwoyina suka kumbura, matata ta riƙa gasa mini su da ruwan zafi tana cewa, "Malam, mutane na tsufa su koma ga carbi, kai ka koma ga gudu." Ɗiyata ta koya mini in yi gudu kaɗan, in yi tafiya kaɗan, kada in yi saurin da zai hana ni magana. Ranar Lahadi mu tafi bakin baraj, madatsar ruwan gari, mu yi gudu mai nisa. Abin mamaki, jikin ya fara karɓa. Amma wanda nake yi dominsa ko murmushi babu. Na fara tsoron ko na mayar da kaina abin dariyar gari a banza.

Sai wata safiya, daidai ƙofarsa, wata mata mai tura barik, wato duro a kan amalanke, cike da ruwa, da goyo a bayanta, ta wuce ni. Ba gudu take ba, tafiyarta kawai take. Har ta ce mini, "Baba, gafara."

Na ji wata murya a karkace daga bayana: "Bawana... ko barik... ya fi ka."

Na tsaya cak. Ban juya nan da nan ba, don kada ya ga idona. Da na juya na ce, "Mai kujera ne ke magana? Ni zan gama tseren nan."

Ya ce, "Ƙarya. Taksi za ka hau."

Na ce, "To ka zo bakin gudron ka gani da idonka. Amma a can babu kujera, masu kallo a tsaye suke."

Da yamma matarsa ta aiko mini cewa ya nemi sandarsa.

Ranar tsere, farkon tafiya na yi ta da fara'a, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Da muka yi nisa rana ta buɗe, ƙafafuna suka zama na wani. Motar asibiti tana bin bayana sannu sannu, direban yana leƙowa yana cewa, "Yaaba, akwai wuri fa." Na kusa amsa masa. Sai na hango mutum a bakin hanya, a tsaye, ya dogara da sanda, matarsa na gefe ba ta riƙe shi ba. Yana ganina ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Jama'a, ga bawana nan! Ku yi haƙuri, haka muka gaje shi!"

Na ce wa direban ya wuce. Na ƙarasa ana naɗe rumfuna, amma na ƙarasa da ƙafata.

Tun daga ranar ban sake shiga tsere ba, sau ɗaya ya ishi mai hankali. Masallaci dai yanzu da ƙafa nake zuwa, kuma tare muke tafiya, yana jan ƙafa yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa shi ya ga taksin da na hau. In na je dubiya yanzu nakan rage "sannu", in nemi abin da mutum ya saba ji daga bakina in ba shi.

Shi kuwa tun daga waccan rana bai sake ce mini na gode ba. Allah Ya sa kada ya sake.