Jema a Kan Tudu

Shekarun baya, bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya same ni nan Kontagora da magana. An sayar da tsohon kangonmu na wajen Sahon Rami, wanda ya saya zai sa tarakta kafin ruwa ya sauka. To a bayan gidan nan aka binne ɗana na fari, ko suna ba a yi ba. Ina ɗaki lokacin, ban ga wurin ba. Abin da maigidana ya faɗa mini kawai shi ne, "Yana gindin ciyawa." Kunyar ɗan fari ta hana ni ƙara tambaya.

Muka je. Ba ɗaki, ba danga, sai gamba tushe-tushe iya ganin ido, duk ta bushe. In tsaya nan in ce nan ne, in matsa gaba in ce a'a, can ne. Har gabas sai da ta ɓace mini.

Ƙanin mijina ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, in aka bi ta taki, gonar duka za mu hana bawan Allah nomawa."

Na ce, "Kai da kake namiji fa, ina kake ranar?"

"Ina Kaboji. Ni ma labari na ji."

Na zauna don gajiya, sai hannuna ya faɗa kan wani tushe daban. Ganyensa siriri ne, a miƙe, da kaifi, ba gashi irin na gamba, ga sauran kore daga ƙasa. Na ɗan tona gefe na shinshina saiwar. Ƙamshi. Jema ce.

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Jema 'yar fadama ce, inda ruwa ke kwanciya, can muke yanko ta don saƙar faifai. Me ya kawo ta kan tudu, cikin tsakuwa, ita kaɗai?

Ƙanin mijina ya daina dariya. Ya ce, "Dasa ta aka yi. Kuma sai an yi ta ba ta ruwa kafin ta kama a nan."

Sai na tuna buta. Ranin shekarar da muka rasa yaron, safe da yamma, maigidana kan cika buta ya zagaya bayan gida, ya daɗe. Ni kuwa na ɗauka ciki ke damunsa. Na yi ta jiƙa masa sassaƙe mai ɗaci, yana shanyewa.

Mai gonar ya yi mana kirki, ya kewaye wurin da duwatsu, tarakta ta kauce masa.

Har yau ba zan rantse cewa nan ne ba, wanda ya sani ya tafi da saninsa. Abin da na kasa ganewa shi ne mu biyun nan: ina kukana a ɗaki a ɓoye, yana nasa a bayan gida da buta, kullum muna cin tuwo muna hirar damina. Allah Ya jiƙansu, shi da yaron.