Basira Mai Hoton Tafin Ƙafa

Kafin kowa ya iso asibiti, Malama Basira ta share ɗakin hoto, ta sauke labule, ta jera benci. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka a asibitin Gidan Rumji. Aikinta duba ƙafafun masu ciwon sukari, waɗanda miki kan ci ta ciki ba su sani ba. Tana da kyamara mai ganin zafin jiki. Takan ɗauki hoton tafin ƙafa da ita, ta ɗora a kan hoton ƙashi cikin kwamfuta, sai ga ƙafar sak, ana juya ta ta kowane gefe. Inda ya yi ja, likita ya san ƙashin da ciwo ya dosa.

Masu gaggawa har tsaki suke mata, don ba ta ɗaukar kowa sai ya zauna minti ashirin ba takalmi, ƙafar ta huce daga zafin hanya.

Bara, Malam Labo, wani manomi daga Gidan Sori, ya zo. Hotonsa ya fita lafiya lau, har likita ya sallame shi. Yana miƙewa Basira ta ga bakin wandonsa a jiƙe.

"Baba, alwala ka yi?"

"I, ɗiyata, na ji kiran azahar na zagaya. Laihi na yi?"

"Ko kusa. Amma ruwan randa ya sanyaya ƙafar, hoton ya yi mana ƙarya. Yi sallarka ka dawo."

"Ni hwa mai babur na jira na!"

Da kanta ta fita ta ba mai babur haƙuri. A hoto na biyu, ga ja nan ƙarƙashin babban yatsa, dab da ƙashi. Likita ya ce da an ƙara wata guda, sai dai a yanke ƙafar. Saura ƙiris Basira ma ta bar shi ya tafi.

Ke ce, Basira, mai haƙurin da ba a rubuta shi a takardar aiki. Mun gode, Allah ya saka miki. Duk wanda aka damƙa wa na'ura, ya yi koyi da ke: ya dubi allo, ya kuma dubi mutumin da ke gabansa. Daminar bana, Malam Labo da ƙafafunsa biyu ya bi shanun huɗa.