Jitar da Ke Yanka Yatsu

Ƴata ta fari ta soma zuwa unguwar Koira Kano kowace Asabar a shekarar da ta shiga ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. A can abokina yake zaune. Tare muka taso a Dogonduci, tare muka yi jami'a a nan Yamai, kuma a ƙungiyar mawaƙan majami'a ɗaya muka koyi kiɗan jita. Ni na zama malamin lissafi, ina zaune a gidan haya kusa da Gaweye. Shi kuwa ya shiga aikin wata ƙungiyar agaji, ya gina gida mai bene. Benensa bai taɓa hana ni barci ba, haka ma motarsa, ko dai haka nake gaya wa kaina. Abin da ya taɓa ni shi ne ranar da yarinyar ta dawo tana murna, ta ce Tonton, kamar yadda take kiran abokin nawa, ya soma koya mata jita.

Akwai jita a gidanmu tun kafin a haife ta, rataye a ƙusa a bangon falo. Tana ƙarama ta taɓa gwadawa ta bari, na ajiye a raina cewa wata rana za ta dawo, ni zan zaunar da ita in nuna mata. Ban taɓa kawo wa kaina cewa za ta dawo ga jita ta ƙofar wani ba.

Muna cin abinci na ce, "To ga jita nan a bango, me ya hana ki ɗauka?"

Ta ce, "Papa, wannan ai ba jita ba ce, wuƙa ce. Ta Tonton kana ɗora yatsa take amsawa."

Uwarta ta yi dariya ta ce, "Bar shi da abarsa. Auren zobe suka yi, babu saki."

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, abokin nawa ya karɓi jitar daga hannuna, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya runtse ɗaya, yana duban wuyanta kamar mai zaɓen katako a kasuwar Katako. Ya ce, "Farfesa, ai wuyan nan ya zama baka. Dubi inda tsirkiya take, dubi inda katako yake, alƙalaminka ma zai wuce tsakani. Kawo ta gida in daidaita maka." Ƴata tana tsaye kusa da shi, tana gyaɗa kai. Na karɓe kayata na ce haka nake son ta.

A hanyar gida na yi ta juya amsar nan. Ba ƙarya ba ce tsantsa, domin wuyan ya lanƙwashe ne a hankali, tsakanin zafin bazara da laimar damina a bakin kogi, hannuna kuma ya yi ta bin sa ba tare da na lura ba, har yatsuna suka yi kanta irin ta manomi. Amma ba wannan ne ya sa na ƙi ba. Na ƙi ne saboda na hango ranar da yarinyar za ta ɗauki jitata ta ji daɗinta, ta ce Tonton ne ya gyara. Ya riga ya sami Asabar ɗinta. Ban yarda ya sami bangon falona ba.

Da aka ba da hutu na zauna na karanta abin da zan iya samu a kan wannan gyara. A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe a ɓoye, wadda aikinta shi ne ta yi jayayya da tsirkiyoyi. Su suna jan wuya gaba, ita tana riƙe shi. Kanta yana can cikin ramin jita, ana juya shi da ɗan makulli mai kusurwa shida. Na je Katako wajen masu sayar da kayan makanikai na samo wanda ya shiga daidai.

Da safe na shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida. Na danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfen farko na wuya, na danne ta kuma a inda wuya ya haɗu da jiki, na leƙa tsakiya. Ya kamata a ga ɗan sarari siriri kamar kaurin takarda mai ƙarfi. Abin da na gani ya ninka haka sosai. Na sassauta tsirkiyoyin, na zura makulli, na juya dama. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi kaɗan, sai wani abu ya yi ƙas a cikin katako. Na zauna da makulli a hannu ina tunanin yadda zan shiga Koira Kano da karyayyar jita, kuma na lura cewa ba karyewar na fi tsoro ba, fuskar abokina na fi tsoro, da irin kirkin da zai yi mini. Ba ta karye ba. Tsatsa ce ta saki.

Juyi kaɗan ake yi, a ɗaure tsirkiyoyi, a bar katako ya huta, a sake dubawa. Haka na yi ta yi har wuyan ya miƙe. Duk da haka tsirkiyoyin ba su sauko yadda nake so ba, musamman can kusa da jiki. Sai na koma ga ɗan farin ƙashin da suke hawa a kansa, wanda makaɗan gurmi na garinmu ke ce wa jaki. Na zare shi, na ja layi da fensir a gindinsa, na shimfiɗa takardar gugar katako a kan gilashi domin kada gindin ya karkace, na yi ta gogawa. Matata ta wuce da kwanon wanki ta ce, "Malam, da haka kake kula da famfon gidan nan, da mun huta." Na sa sababbin tsirkiyoyi marasa kauri, na daidaita murya.

Da na kaɗa, sai jitar ta yi ƙara irin ta tsagaggen kwano. Na sake aunawa, komai daidai. Na kaɗa a hankali, muryar ta fito tas. Na kaɗa yadda na saba, tsirkiya ta sake goga ƙarafan wuya. Kuskuren ba a katako yake ba. Hannuna ne ya saba da kokawa, ga shi abokin kokawar ya tafi.

Ƴata ta same ni a haka. Ta karɓa ta ɗora yatsu, ta ɗago ido ta ce, "Papa, kai ka yi wannan? Da kanka?" Na ce da kaina. Daɗin da na ji a lokacin ba zan rage shi ba. Sai ta soma kaɗa wata waƙar sujada da kowa ya sani, kuma a ƙarshen kowane layi ta riƙa yin wani ɗan ado da ƙaramin yatsa, saurin hawa da sauka. Na san adon nan. Tun muna ɗalibai abokina yake yin sa, ni kuma ban taɓa iya shi ba. Yanzu ga shi yana fitowa daga jitata, a tsakar gidana, daga hannun ƴata.

Ta ce, "Ran Asabar zan kai ta Koira Kano, Tonton ya gani. Wallahi ba zai yarda ba."

Na ce, "Ai a nan ma ana iya koyo."

Ta ce, "A nan zan riƙa maimaitawa kullum, tunda yanzu akwai abin maimaitawa."

Ta kai ta. Ta dawo da saƙo cewa aikin ya yi kyau, ya ma fi wanda shi zai yi. Na nemi inda zan ji haushin maganar, ban samu ba, wannan kuma ya ƙara ba ni haushi.

Yanzu da la'asar takan zauna kusa da ni a tabarma, muna miƙa wa juna jitar. Abin da na so ke nan, kuma na samu. Sai dai idan na kaɗa tsirkiya ta goga ƙarfe, takan kama wuyan hannuna ta ce, "Sassauta, Papa. Tonton ya ce ba da ƙarfi ake yi ba." Nakan sassauta. Muryar takan fito tas, ita kuma takan yi murmushi, ban kuma iya tantance ko ni take yi wa ba.